Matse Bayanai, Sarrafa Na'urori da Sadarwa Marar Waya: Inda Fannoni Uku Suka Haɗu

Matse bayanai, sarrafa na'urori daga wurare da yawa, da sadarwa marar waya fannoni uku ne na injiniyancin lantarki da lissafi, kuma kowannensu ya taso da malamansa da littattafansa. Na farko yana neman hanyar faɗin saƙo da mafi ƙarancin alamomi. Na biyu yana neman yadda na'urori da dama, kowacce tana ganin ɗan ɓangare na abin da ke faruwa, za su riƙe aiki guda a kan daidai ba tare da wata cibiya mai ba da umarni ba. Na uku yana neman yadda masu aikawa da yawa za su raba iska ɗaya, saƙonninsu su isa duk da hayaniya da katsalandan. Daga ƙarshen shekarun 1990 fannonin suka fara shiga gonar juna, domin an soma dasa ƙananan na'urorin awo masu aiki da batir a masana'antu da gonaki da layukan wuta, ana so su aika rahoto ta rediyo zuwa ga wata na'ura da za ta ɗauki mataki nan take. A nan ne ta fito fili cewa kowane fanni ya gina nasararsa a kan wani sharaɗi da ɗan'uwansa ba zai iya cika masa ba.

Biyu daga cikin ukun takarda ɗaya ce ta kafa musu ginshiƙin lissafi, wadda Claude Shannon na ɗakin binciken Bell a Amurka ya wallafa a 1948. Shannon ya ajiye ma'anar saƙo gefe, ya ce abin aunawa shi ne yawan shakkar da saƙon ke kawarwa daga mai karɓa. Ma'aunin shi ne bit, wato amsar tambaya guda mai e ko a'a idan amsoshin biyu sun yi kunnen doki wajen yiwuwa. Sai ya kafa iyakoki biyu da hujjar lissafi. Kowane tushen saƙo yana da wani adadi na bit wanda ba za a matse shi ƙasa da haka ba sai an yi asarar wani abu, shi ne entirofi. Kowace hanyar aikawa kuma tana da iyakar abin da za ta ɗauka a sakan, kuma muddin ba a zarce iyakar ba, ana iya rage kuskure har ya kusa zama babu, komai hayaniyar hanyar. Magana ta biyun ta girgiza mutanen zamanin, domin abin da aka sani a lokacin shi ne mai son saƙonsa ya isa lafiya dole ya rage gudu ya yi ta maimaitawa.

Dabarar matsewa ta farko tsohuwa ce: abin da ya fi yawan zuwa a ba shi gajeriyar alama. Tsarin Morse na talgiraf ya ba harafin E ɗigo ɗaya tak saboda shi ya fi yawa a Turanci. Da don Hausa aka tsara shi, da harafin A ne zai samu wannan gata. David Huffman, yana ɗalibi a jami'ar MIT a ajin Robert Fano, ya gano hanyar fitar da mafi kyawun irin wannan rabo, aka wallafa ta a 1952. A ɗauki alamomi huɗu: ta farko tana zuwa a rabin lokaci, ta biyu a kwata, sauran biyun kowacce sau ɗaya cikin takwas. Idan aka yi musu rabon daidai, kowacce za ta ci bit 2. Hanyar Huffman tana ba ta farko 0, ta biyu 10, ta uku 110, ta huɗu 111. Babu alamar da ta zama farkon wata, saboda haka mai karɓa ba ya buƙatar waƙafi kafin ya gane inda ɗaya ta ƙare, kuma matsakaicin tsawon ya sauko zuwa bit 1.75, wanda shi ne entirofin tushen cif-cif. Cikas ɗin shi ne sai an san yawan zuwan kowace alama tun kafin a fara. Abraham Lempel da Jacob Ziv na cibiyar Technion da ke Haifa suka kawar da shi a 1977 da 1978. A tsarinsu na'ura tana koyon saƙon yayin da take karanta shi, duk inda ta ci karo da abin da ta taɓa gani sai ta rubuta umarnin a koma baya kaza a kwafo kaza. Fayilolin ZIP da hotunan PNG a kan haɗin wannan dabara da ta Huffman suke tafiya har yau.

Murya da hoto ba sa buƙatar a dawo da su ɗigo bisa ɗigo, kuma a nan ne babbar riba take. A 1959 Shannon ya faɗaɗa lissafinsa ya nuna bit nawa ake buƙata idan an yarda da wani gwargwado na ɓaci. Tsarin JPEG na 1992 ya isa misali. Ana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye da 8 a kwance. Lambobin nan 64 ana juya su da wani lissafi da Nasir Ahmed da T. Natarajan da K. R. Rao suka wallafa a 1974, wanda ke bayyana gidan a matsayin gamin zane-zane 64, daga launi shafaffe har zuwa ratsi-ratsi masu sirantaka. Idon ɗan Adam ba ya kula da siraran ratsin sosai, don haka ana yi musu awon igiya, akasarinsu su koma sifili, sannan a bi ragowar da tsarin Huffman. Idan aka zafafa matsewar sai gidajen su bayyana, abin da kowa ke gani a hoton da ya daɗe yana yawo daga waya zuwa waya. Haka MP3, wanda cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus ta taka babbar rawa wajen samar da shi, yake zubar da sautin da wani sauti mai ƙarfi ya danne a kunne, ya sauko da faifan CD daga bit miliyan 1.4 a sakan zuwa dubu 128. Tarhon waya yana kashe bit dubu 64 a sakan a kan murya, amma tsarin GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, ya fara da dubu 13. Tsare-tsaren bidiyo kuwa, daga H.264 na 2003 zuwa HEVC na 2013 zuwa VVC na 2020, kowane sabo an sa masa burin rage kusan rabin abin da na gabansa ke ci. Ga mutumin da ke lissafin kuɗin data kafin ya buɗe bidiyo, wannan bincike ya shafi aljihunsa kai tsaye.

Sai dai duk wannan nasara a kan haƙuri aka gina ta. Hujjojin Shannon suna aiki ne idan an tara saƙo mai tsawo sosai kafin a matse shi ko a kare shi daga kuskure. Daga cikinsu akwai wadda ake kira ƙa'idar rabuwa: mai matsewa ya yi aikinsa bai damu da hanya ba, mai kula da hanya ya yi nasa bai damu da abin da ke cikin saƙon ba, kuma ba a yi asarar komai ba. Wannan ƙa'ida ce ta ba masana'antar sadarwa damar raba aiki hawa-hawa, har intanet ɗaya ke ɗaukar murya da hoto da rubutu ba ta bambanta su. Amma sharuɗɗanta biyu ne: mai aikawa ɗaya da mai karɓa ɗaya, da kuma jira marar iyaka. Mutum yana iya jurewa kaɗan. Hukumar sadarwa ta duniya ITU ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne, mai kallon bidiyo ma yana jiran sakan da yawa. Injin da ke neman kubcewa ba shi da wannan haƙuri.

Sharaɗin mai aikawa ɗaya shi ya fara karyewa. A 1973 David Slepian da Jack Wolf suka tabbatar da abin da hankali ke ƙi da farko: tushe biyu masu kama da juna za su iya matse saƙonninsu kowanne shi kaɗai, ba su ji juna ba, kuma jimlar ta yi daidai da abin da za su samu da sun zauna wuri ɗaya, matuƙar mai karɓa zai warware saƙonnin tare. Ga yadda hakan ke yiwuwa. Ma'aunan zafi biyu suna cikin rumbun ajiya guda, kowanne yana ba da lamba tsakanin 0 da 63, wato bit 6, kuma an san bambancinsu ba ya wuce 1. Na farko ya aika lambarsa cikakkiya, a ce 37. Na biyu bai san da 37 ba. Abin da zai yi kawai ya raba tasa lambar da 4 ya aika ragowar, wadda bit 2 suka ishe ta. A ce ragowar 2 ce. Mai karɓa ya san lambar ta biyu ko 36 ce, ko 37, ko 38, ragowarsu kuma 0 da 1 da 2. Ke nan 38 ce ba tantama. An kashe bit 8 maimakon 12. Aaron Wyner da Jacob Ziv suka faɗaɗa batun a 1976 zuwa inda aka yarda da ɓaci. Aikin ya kwanta a cikin mujallu fiye da shekara 20, sai a 1999 Sandeep Pradhan da Kannan Ramchandran suka nuna yadda za a gina shi da lambobin gyaran kuskure. An sa rai zai ba ƙananan kyamarori damar matse bidiyo ba tare da cin batir ba, amma a aikace bai kamo tsare-tsaren da aka saba da su ba. Dalilin yana cikin misalin kansa: komai ya rataya a kan sanin cewa bambancin ba ya wuce 1. Ranar da wani ya bar ƙofar rumbun a buɗe bambancin ya kai 3, mai karɓa zai fitar da amsar ƙarya kuma bai san ya yi ba.

A ɓangaren hanya ɗaya tsakanin mutum biyu, ana iya cewa an ci gari. Claude Berrou da abokan aikinsa a Brest ta Faransa sun fito da lambobin gyaran kuskure na turbo a 1993, suka matso dab da iyakar Shannon. Aka tono lambobin LDPC da Robert Gallager ya ƙirƙiro tun farkon shekarun 1960 aka manta da su saboda kwamfutocin lokacin ba su iya ɗaukarsu. Erdal Arıkan na jami'ar Bilkent a Ankara ya kawo lambobin fola a 2009. Wayoyin 5G suna amfani da LDPC wajen ɗaukar bayanai, fola kuma wajen saƙonnin umarni.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan masu aikawa suka yi yawa, domin iska ba ta da shinge. A 1971 Norman Abramson na jami'ar Hawai ya haɗa kwamfutocin tsibiran ta rediyo da wani tsari mai suna ALOHA: duk mai saƙo ya aika, idan ya yi karo da na wani, kowa ya jira wani ɗan lokaci da ya zaɓa da ka sannan ya sake. Lissafi ya nuna irin wannan tsari ba ya cin moriyar fiye da kusan kashi 18 cikin ɗari na hanya. Idan aka yanka lokaci rabo-rabo kowa ya fara a farkon rabo, sai ya kai kusan kashi 37. Asara ce babba, amma abin da aka saya da ita shi ne babu mai raba layi. Shi ya sa tsarin bai mutu ba. Da irinsa waya ke fara neman ƙarfen sabis ya ba ta hanya, da irinsa ƙananan na'urorin LoRaWAN ke aika rahoto, kuma Wi-Fi, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1997, jikansa ne da aka ƙara wa ladabin saurarawa kafin magana. A 2000 Piyush Gupta da P. R. Kumar na jami'ar Illinois suka yi tambayar da ta sanyaya gwiwar mutane da yawa: idan na'urori masu ɗimbin yawa suna miƙa wa juna saƙo hannu da hannu ba tare da ƙarfen sabis ba, me kowacce za ta samu? Amsar ita ce idan yawansu ya ninka sau 100, rabon kowacce zai faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, domin yawancin ƙarfinta yana tafiya wajen dakon saƙon wasu. Har yau kuma babu cikakkiyar amsa ga abin da ake gani kamar mai sauƙi: mutum biyu suna aika wa wasu biyu suna damun juna, mene ne iyakar abin da za su samu? Mafi kyawun dabara ta Te Sun Han da Kingo Kobayashi ce ta 1981, kuma a 2008 aka nuna cewa a hanyar da ke da hayaniya irin ta yau da kullum, tazararta da iyakar ba ta wuce bit 1 ba.

Ilimin sarrafa na'ura ya girmi waɗannan duka. Asalinsa auna-ka-gyara ne: a auna abin da injin ke yi, a kwatanta da abin da ake so, a gyara, a sake aunawa. James Watt ya ɗora wa injin tururi madaidaicin gudu a 1788, James Clerk Maxwell ya yi masa lissafi a 1868, Rudolf Kalman kuma a 1960 ya nuna yadda za a tace awo mai hayaniya a ƙiyasta halin da inji ke ciki. A duk wannan ana ɗauka cewa awo yana isa cikakke, nan take, zuwa ga ƙwaƙwalwa ɗaya. Manyan tsare-tsare ba haka suke ba. Babban layin wutar lantarki a Najeriya da Nijar yana bugawa sau 50 a sakan. Idan masu jan wuta suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, injina suna rage gudu, bugun ya sauka. A ƙa'ida, kowane inji, a Kainji yake ko Shiroro ko Egbin, yana lura da bugun a inda yake ya ƙara buɗe ruwa ko iskar gas daidai gwargwadon saukar, ba tare da ya jira umarni ba. Ba a aika saƙo ko ɗaya ba, wutar kanta ce saƙon. Idan giɓin ya fi ƙarfin wannan gyara, na'urorin kariya suna cire injina ɗaya bayan ɗaya, shi ne abin da jaridu ke kira faɗuwar babban layi.

Cewa aiki yana iya zama saƙo, shi ne abin da ya sa sarrafawa daga wurare da yawa ta yi wuyar sha'ani, kuma Hans Witsenhausen ya nuna hakan a 1968 da ɗan ƙaramin misali. Masu sarrafawa biyu ne suke son mayar da wata lamba sifili. Na farko yana ganin lambar sarai amma duk motsin da ya yi da tsada. Na biyu motsinsa kyauta ne amma ta cikin hayaniya yake ganin lambar. Babu hanyar magana tsakaninsu. A irin wannan lissafi, da mai sarrafawa ɗaya ne, an daɗe da sanin cewa gyara daidai gwargwadon kuskure shi ne mafi kyau. Witsenhausen ya nuna da zarar sun zama biyu wannan ya rushe. Ya fi riba na farko ya tura lambar zuwa ɗaya daga cikin wasu matakai ƙalilan masu nisa da juna, yadda na biyu zai gane ko wanne ne duk da hayaniya, ya share shi gaba ɗaya. Na farkon ya koma mai matse bayani da aika shi, alhali ba a ba shi rediyo ba. Fiye da shekara 50 ke nan ba a fitar da mafi kyawun amsar wannan misali ba. Abin lura shi ne ci gaban da Pulkit Grover da Anant Sahai suka samu a Berkeley da kayan aikin Shannon suka same shi, ba da na masu sarrafa inji ba.

Hanyoyin sadarwa su kansu babban fili ne na sarrafawa marar cibiya. A watan Oktoban 1986 layin da ke tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley, tazarar yadi 400 kacal, ya faɗo daga bit dubu 32 a sakan zuwa bit 40, saboda kowace kwamfuta da ta ga saƙonta ya ɓace sai ta ƙara turawa. Van Jacobson ya kawo maganin a 1988: kowane mai aikawa ya riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan, da zarar ƙunshin saƙo ɗaya ya ɓace ya rage da rabi. Bayan shekara goma Frank Kelly da abokansa a Cambridge suka nuna cewa miliyoyin masu aikawa da ke bin irin wannan doka, ba wanda ya san wani, suna warware lissafin rabon adalci ne tare. Da aka ɗora tsarin a kan rediyo sai aka samu tangarɗa, domin a iska ƙunshi yana ɓacewa saboda hayaniya ba don cunkoso ba, mai aikawa kuma ya rage gudu a banza. Haka batun ƙarfin murya: wayar da ke kusa da ƙarfen sabis tana iya danne ta nesa, don haka a tsarin 3G ana gyara ƙarfin kowace waya sau 1,500 a sakan. Gerard Foschini da Zoran Miljanic sun nuna a 1993 cewa idan kowace waya ta duba ingancin layinta kawai ta gyara, dukkansu za su daidaita a kan mafi ƙarancin ƙarfin da zai wadatar, in dai akwai irin wannan daidaito.

Tambayar da ta ɗaure fannonin uku wuri ɗaya ita ce: bit nawa ake buƙata a sakan don a riƙe abin da ke neman kubcewa? Yaron da ya tsayar da sanda a tafin hannunsa ya san matsalar: ƙaramar karkata tana girma da kanta, idan ya ɗauke ido na ɗan lokaci sandar ta tafi. A ce a kowane mataki shakkar da ake da ita game da inda abin yake tana ninkawa biyu. Kowane bit da ya iso yana raba shakkar gida biyu ya zubar da rabi. Ke nan bit 1 a kowane mataki da ƙyar yake biyan bashi, ƙasa da haka kuwa babu wata dabara da za ta hana faɗuwa. Idan ninki uku take yi, ana buƙatar fiye da bit 1.58. Wing Shing Wong da Roger Brockett a ƙarshen shekarun 1990, Girish Nair da Robin Evans a Melbourne, da Sekhar Tatikonda da Sanjoy Mitter a 2004, su suka kafa wannan ƙa'ida. Kyawunta shi ne ta ba inji wani adadi irin na entirofi, wato saurin da yake haifar da shakka. Amma adadin bit kaɗai bai isa ba. Bruno Sinopoli da abokansa sun nuna a 2004 cewa idan rahotanni suna ɓacewa a hanya akwai wani gaci: ga abin da ke ninkawa biyu, ɓacewar da ta kai kashi 25 cikin ɗari tana sa matsakaicin kuskuren ƙiyasi ya yi ta hawa ba iyaka, ko da kowane rahoton da ya iso cikakke ne. Sahai da Mitter suka ƙara a 2006 cewa iyakar Shannon ba ita ce ma'aunin da ya dace ba. Abin da inji ke buƙata shi ne damar kuskure a kan tsohon bit ta riƙa raguwa da sauri fiye da yadda ɓarnarsa ke girma. Hanyoyi biyu suna iya zama daidai a ma'aunin Shannon, ɗaya ta riƙe injin, ɗayar ta kasa.

Daga nan bincike ya karkata daga yawan bit zuwa lokacinsa. Karl Åström da Bo Bernhardsson na jami'ar Lund a Suwidin sun kwatanta aika awo a kan agogo da aika shi sai kuskure ya wuce wani gwargwado. A tsari mai sauƙi, da yawan saƙo iri ɗaya, hanya ta biyu ta rage yawon kuskuren zuwa kashi ɗaya cikin uku. Sirrin shi ne shiru ma labari ne: rashin saƙo yana nufin komai lafiya. A kan waya wannan gaskiya ne. A iska kuwa shiru yana iya nufin ƙunshin ya ɓace ko batir ya mutu, kuma tsarin da bai tanadi bambanta waɗannan ba haɗari ne. A 2012 Sanjit Kaul da Roy Yates da Marco Gruteser suka gabatar da wani ma'auni, wato tsufan labari: tun yaushe aka ɗauki sabon rahoton da mai karɓa ke riƙe da shi? Mai aikawa jefi-jefi yana barin labari ya tsufa. Mai aikawa ba ƙaƙƙautawa yana cika layi, kowane rahoto ya tsufa a jerin gwano. A misali mafi sauƙi sun samu cewa cika hanya kusan kashi 53 cikin ɗari shi ya fi. Wannan ya saɓa wa tarbiyyar injiniyan sadarwa, wanda aka koya wa cewa hanyar da ba ta cika ba asara ce.

Masana'antu ba su jira an gama lissafi ba. Tsarin WirelessHART na 2007, da ake amfani da shi a matatun mai da masana'antun sinadarai, bai dogara da gasar ALOHA ba. Yana yanka lokaci rabo-rabo na milisakan 10, ya ba kowace na'ura nata, ya riƙa sauya zangon rediyo don kauce wa katsalandan, kuma ya tanadar wa saƙo fiye da hanya ɗaya. Farashinsa shi ne an dawo da cibiya mai raba jadawali, kuma ya fi dacewa da abubuwa masu tafiyar hawainiya kamar zafi da matsin tanki. Ga butum-butumin masana'anta da motoci masu bin juna a jere, 5G ya sa burin isar da ƙunshi mai bayit 32 cikin milisakan 1 da tabbacin kashi 99.999 cikin ɗari. Gajeren saƙo irin wannan ya fita daga inuwar hujjojin 1948, kuma aikin Yury Polyanskiy da Vincent Poor da Sergio Verdú na 2010 shi ya ba da lissafin gwargwadon abin da ake rasawa idan saƙo gajere ne. Michael Gastpar da abokansa ma sun nuna a 2003 cewa akwai yanayin da aika awo yadda yake, babu matsewa babu lambobin kariya, yake daidai da mafi kyawun tsari kuma ba shi da jinkiri. Idan ma'aunai da yawa suna auna abu ɗaya, yana iya fin raba aikin hawa-hawa nesa ba kusa ba.

Sabon abin da ya shigo shi ne koyon na'ura. Tun aikin Johannes Ballé da Valero Laparra da Eero Simoncelli na 2017, ana horar da kwamfuta da ɗimbin hotuna ta gano wa kanta hanyar matsewa, kuma sakamakon yana gogayya da tsare-tsaren da aka shafe shekaru ana sassaƙawa da hannu. Wasu masu bincike suna horar da mai matsewa da mai aikawa da mai sarrafawa a dunƙule, a auna su da ingancin aikin da aka yi ba da kamannin saƙon ba. Hanya ce mai ma'ana, domin kyamarar da ke jagorantar mota ba ta buƙatar kyawun sararin sama, inda mai tafiya a ƙasa yake take buƙata. Rauninta shi ne tabbaci. Tsarin da aka horar yana yin kyau a kan irin abin da ya saba gani, wasu nau'o'insa kuma suna iya cike gurbin abin da aka zubar da abin da ya yi kama da gaskiya amma ba ita ba ce. A hoton biki wannan ba komai ba ne. A ma'aunin matsin tukunyar tururi ko layin wuta, injiniya yana buƙatar hujja a kan mafi munin abin da zai iya faruwa, kuma irin wannan hujja ga tsare-tsaren da aka horar tana cikin abubuwan da ake kan nema a ɗakunan bincike.